Mutuntarwa da Abuntarwa a Labaran Ƙirƙirarriyar Basira

1.0 Gabatarwa

Tun daga ran 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2022, watau ranar da kamfanin OpenAI na birnin San Francisco a Amurka ya saki manhajar hirar nan da ake kira ChatGPT, da wuya mako ya shige ba a ji wani labari ko sharhi ba a kan abin da kafofin watsa labarai na Hausa suka laƙaba wa suna "ƙirƙirarriyar basira". Masu sharhin kuwa sun rabu gida biyu. Akwai masu yabo, waɗanda ke ganin an sami likita da malami da lauya da ba sa gajiya, ba sa neman albashi. Akwai kuma masu tsoro, waɗanda ke ganin an haifi wani dodo da zai cinye ayyukan mutane, daga baya ma ya cinye mutanen kansu. Wanda ya saurare su sama-sama zai ɗauka abokan gaba ne. Mu kuwa a namu nazarin mun lura cewa harshe ɗaya suke magana da shi, kuma wannan harshen ne za mu baje a faifai.

Auna ƙarfin waɗannan na'urori aikin masana lissafi ne da injiniyoyi. Mu ɗaliban harshe da adabi ne, saboda haka kayan aikinmu su ne waɗanda muka saba feɗe waƙa da su. Biyu daga cikinsu za su wadatar da mu. Na farko shi ne mutuntarwa, watau a ɗauki hali ko aikin da aka san ɗan Adam da shi a ba abin da ba mutum ba. Na biyu shi ne abuntarwa, watau a mai da mutum tamkar wani abu maras rai. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a labaran ƙirƙirarriyar basira waɗannan dabaru biyu tare suke tafiya: duk inda aka mutuntar da na'ura, to akwai wani mutum da aka abuntar ko aka shafe shi daga jimla, kuma idan ya fita daga jimla sai alhakin da ke kansa, ko haƙƙin da yake bi, ya fita tare da shi.

2.0 Wane ne aikau?

Kafin mu shiga misalai ya kamata mu faɗi, a taƙaice, yadda manhajar hira take aiki. Ana tara rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet da littattafai da jaridu, a shigar da su cikin wani tsarin lissafi wanda aikinsa shi ne hasashen kalma, ko guntun kalma, da ya fi dacewa ya biyo bayan waɗanda suka gabata. Ana maimaita wannan har lissafin ya ƙware. Bayan nan sai a kawo mutane su riƙa duba amsoshin da yake bayarwa, suna nuna wadda ta fi kyau da wadda ba ta dace ba, a gyara lissafin bisa hukuncinsu. Ke nan a kowane mataki akwai hannun ɗan Adam: wanda ya yi rubutun asali, da wanda ya tara shi, da wanda ya tace, da wanda ya ba da kuɗi, da wanda ya yanke shawarar a saki abin ga jama'a.

To, mu dubi waɗannan jimloli. Mu muka tsara su, amma bisa ƙirar da duk mai sauraron labarai ya saba ji:

(1) Na'ura ta koyi ladabi.
(2) Ƙirƙirarriyar basira ta yi wa lauyoyi ƙarya.
(3) Ƙirƙirarriyar basira za ta kori ma'aikata.

A duka ukun na'ura ce aikau. Aikatau ɗin kuwa, koyo da ƙarya da kora, duk ayyuka ne da ke bukatar niyya. Mutum bai fito ba sam a jimla ta (1), a ta (2) da ta (3) kuwa ya fito ne a matsayin wanda aiki ya faɗa wa.

Jimla ta (1) ita ce ta fi damunmu, don haka za mu daɗe a kanta. Lokacin da ChatGPT ta fito, ɗaya daga cikin abubuwan da aka yaba mata shi ne ba ta cika zagi da batsa ba, saɓanin manhajojin da suka gabace ta. An ba da wannan labari kamar labarin yaron da ya tashi da tarbiyya. Sai a watan Janairu na 2023 mujallar TIME ta buga wani bincike da ya nuna inda wani ɓangare na wannan tarbiyya ya fito. Tun daga watan Nuwamba na 2021 kamfanin OpenAI ya riƙa aika dubban guntayen rubutu zuwa ga wani kamfani mai suna Sama, wanda ke da ma'aikata a birnin Nairobi na ƙasar Kenya. Aikin waɗannan ma'aikata shi ne su karanta bayanin fyaɗe da kisa da azabtarwa da lalata da yara, dalla-dalla, su sa wa kowane guntu alamar irin ƙazantar da ke cikinsa, domin a gina matacin da zai riƙa gane irin wannan magana. Mujallar ta ce abin da ma'aikaci ke komawa gida da shi yana tsakanin dala 1.32 da dala 2 a awa ɗaya, alhali yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanonin biyu ta tanadi dala 12.50 a kowace awa. Waɗansu daga cikin ma'aikatan sun shaida wa mujallar cewa abin da suka karanta ya taɓa musu hankali. Kamfanin Sama ya ce ya tanadi masu ba da shawara domin ma'aikatansa, ya kuma janye daga aikin a watan Fabrairu na 2022, tun kafin wa'adi ya cika. A farkon watan Mayu na 2023 ma'aikata fiye da 150 masu irin wannan aiki suka taru a Nairobi suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago.

Yanzu mu koma ga jimlar. "Na'ura ta koyi ladabi" kalmomi huɗu ne, kuma babu gurbin waɗannan bayin Allah a cikinsu. Aikatau "koya" ya haɗiye su. Abin lura a nan shi ne, ko a rahotannin da suka ambace su, sau da yawa sunan da ake ba aikinsu shi ne "sa wa bayanai alama", kai ka ce takardar farashi suke manna wa gwangwani a kanti. Wannan ita ce abuntarwa: an ba lissafi kunya da tarbiyya, wanda ya zauna ya karanta ƙazantar da idonsa kuma an mai da shi wani ƙarfe daga cikin ƙarafunan inji. Haka nan kalmar "bayanai" ke yi wa marubuta. Littafin da mutum ya shekara biyar yana rubutawa, da rahoton da ɗan jarida ya sa ransa a haɗari ya samo, da zarar sun shiga wannan labari sai su koma "bayanai", kamar yashi da aka ɗebo a rafi. Ƙarar da jaridar New York Times ta shigar a kan OpenAI da Microsoft a watan Disamba na 2023, ko ma yaya aka kalli hujjojinta, tana ɗauke da gardama ta nahawu: shin wannan abu da aka ɗiba yana da mai shi, ko kuwa tsintuwa ce?

Jimla ta (2) daga wata shari'a muka ɗauko ƙirarta. Wani fasinja ya kai kamfanin jirgin sama na Avianca ƙara a wata kotun tarayya da ke New York. Lauyansa ya nemi ChatGPT ta samo masa hukunce-hukuncen baya da za su ƙarfafa hujjarsa, ta kawo masa, da sunaye da lambobi da komai. Ashe shida daga cikinsu ba a taɓa yin su ba a duniya. Har ya tambaye ta ko na gaske ne, ta amsa masa da i. Labarin ya zaga duniya a matsayin labarin na'ura maƙaryaciya, kuma kalmar da Turawa suka zaɓa wa wannan hali ita ce wadda suke faɗa wa mai gane-gane saboda zazzaɓi ko maye. Kalmar ta yi tashe har ƙamus na Cambridge ya zaɓe ta a matsayin kalmar shekarar 2023. Amma ƙarya sai wanda ya san gaskiya ya kauce mata, gane-gane kuma sai mai ido. Abin da lissafin ya yi shi ne abin da aka gina shi ya yi, watau ya jera kalmomin da suka yi kama da hukuncin kotu. Alƙalin da ya saurari maganar, P. Kevin Castel, ya fi 'yan jarida iya nahawu. A hukuncinsa na ran 22 ga Yuni, 2023, ya nuna cewa amfani da irin wannan kayan aiki ba laifi ba ne a kan kansa, amma tabbatar da abin da aka miƙa wa kotu wajibin lauya ne, ya ci lauyoyin biyu da ofishinsu tarar dala 5,000. Ya mai da aikau gurbinsa ke nan.

Jimla ta (3) ba ta bukatar dogon bayani. Ba a taɓa ganin na'ura ta sa hannu a takardar sallama ba. Manaja ke sa hannu, bisa umarnin masu hannun jari, kuma yana da zaɓin ya rage awoyin aiki ko ya sake horar da ma'aikatansa. Marubutan fina-finai na Amurka da suka yi yajin aiki na kwana 148 a shekarar 2023 sun gane haka sarai, domin da kamfanoni suka zauna a teburin sulhu, kuma daga hannun kamfanoni suka karɓi sharuɗɗan yadda za a yi amfani da manhajar a aikinsu.

3.0 Inda salo ya zama mafaka

Mai yiwuwa wani daga cikin mahalarta ya ce mun matsa wa 'yan jarida, domin mutuntarwa gishirin magana ce ta yau da kullum. Gaskiya ne. Bahaushe na cewa mota ta ƙi tashi, kasuwa ta ci, ruwa ya ci mutum, ba kuwa wanda ke zaton mota na da taurin kai. Sai dai akwai bambanci ta fuska biyu.

Fuska ta farko, mota ba ta amsa magana. Manhajar hira kuwa tana cewa "ni", tana ba da haƙuri, tana godiya, kuma haka aka so ta yi. Rauninmu game da wannan daɗaɗɗe ne. A shekarar 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT ya bayyana wata ƙaramar manhaja mai suna ELIZA, wadda ba ta yin komai illa ta juya maganar mutum ta mai da masa ita a sigar tambaya, kamar yadda waɗansu likitocin ƙwaƙwalwa ke yi. Shi da kansa ya ba da labarin yadda sakatariyarsa, wadda ta san shi ya gina abin, ta nemi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a asirce. Bayan shekara 56, a watan Yuni na 2022, jaridar Washington Post ta buga labarin Blake Lemoine, injiniya a kamfanin Google, wanda ya haƙiƙance cewa manhajar LaMDA tana ji a jikinta kamar mai rai. Kamfanin ya musanta, ya kuma sallame shi a watan Yuli. Idan injiniyan da ke aiki da abin kullum zai iya faɗawa wannan rami, ina ga mai sauraron rediyo da bai taɓa ganinsa ba? A tatsuniya ma ana mutuntar da Gizo da kura da ɓaure, amma mai tatsuniya yakan buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" ya rufe da "ƙurunƙus", yaro ya san an shiga wata duniya an kuma fito. Labarin ƙarfe takwas na dare ba shi da wannan ƙofa.

Fuska ta biyu ita ce ta alhaki, kuma a nan ne za a ga cewa maganar ta wuce ado. Ko a misalin motar ma, mu lura da yadda muke cewa "mota ta ƙwace wa direba", mu rufe maganar gudun da ya yi da birkin da mai motar ya ƙi gyarawa. Masu iko sun gane amfanin wannan ƙira. A shekarar 2020 annobar korona ta hana yin jarrabawar kammala sakandare a Ingila, sai hukumar Ofqual ta tsara wani lissafi da zai daidaita makin da malamai suka yi wa ɗalibansu hasashe, ta hanyar la'akari da sakamakon da makarantar ta saba samu a shekarun baya. Da sakamako ya fito ran 13 ga Agusta, kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar an rage shi. Yaro mai ƙoƙari a makarantar da ba ta saba cin jarrabawa ba ya biya bashin waɗanda suka gabace shi, azuzuwa masu ɗalibai kaɗan kuwa, waɗanda suka fi yawa a makarantun kuɗi, an bar musu makin malamansu. Bayan kwana huɗu na zanga-zanga gwamnati ta janye. Da Firayim Minista Boris Johnson ya je wata makaranta a ƙarshen watan, sai ya ɗora laifin a kan abin da ya kira lissafin da ya rikiɗe. To, wannan lissafi ko kusa bai kai ƙirƙirarriyar basira ba, kuma bai rikiɗe ba. An umarce shi ya hana maki hauhawa fiye da na shekarun baya, ya hana. Waɗanda suka ba da umarnin suna da sunaye da ofisoshi.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na kamfanin Air Canada. Wani mutum da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar hirar da ke shafin kamfanin game da rangwamen da ake yi wa masu tafiya jana'iza, ta gaya masa yana iya sayen tikiti ya nemi rangwamen daga baya. Ƙa'idar kamfanin ba haka take ba, don haka aka hana shi. Da magana ta je gaban wata ƙaramar kotun sulhu ta lardin British Columbia, hujjar kamfanin, kamar yadda mai hukuncin ya fahimce ta, ita ce manhajar wata aba ce mai zaman kanta wadda ke ɗauke da alhakin abin da ta faɗa. A watan Fabrairu na 2024 kotun ta yi watsi da wannan, ta ce manhajar wani yanki ne na shafin kamfanin, ta umarce shi ya biya kimanin dalar Kanada 800. Kuɗin kaɗan ne. Abin da ya sa muka kawo shi shi ne a ga yadda adon maganar da ya fara a kanun labarai ya ƙare a bakin lauya.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata mu tsallake ta ba. Masu gina manyan manhajojin nan da kansu sun yarda cewa ba kullum suke iya bayyana dalilin da ya sa lissafin ya ba da wata amsa ya bar wata ba, kuma yakan yi abin da ba su zata ba. Ashe ke nan ba a yi kuskure ba idan aka ba shi aikatau irin na mai rai? Amsarmu daga karkara za mu ɗauko ta. Makiyayi ba ya iya faɗin inda kowace saniya za ta sa baki, kuma saniya tana da rai na gaske, tana da son ranta. Duk da haka idan shanu suka yi ɓarna a gona ba a taɓa gurfanar da sa a gaban mai gari ba. Wanda ya sako su shi ke biya, kuma rashin sanin halinsu ƙarin dalili ne a kansa na ya ɗaure su. Saboda haka ko da an yarda na'urar tana yin abin da ba a zata ba, jimlar da ta dace ita ce wadda ta ambaci wanda ya sake ta.

4.0 Labarin dodo

Ran 22 ga Maris, 2023, wata cibiya mai suna Future of Life Institute ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa tana kira da a dakatar da horar da duk wata manhaja da ta fi GPT-4 ƙarfi na tsawon wata 6. Cikin masu sa hannu akwai Elon Musk da Steve Wozniak da Yoshua Bengio. A ƙarshen watan Mayu kuma aka fitar da wata sanarwa mai jimla ɗaya tak, wadda ta jera haɗarin wannan fasaha tare da annoba da yaƙin nukiliya, shugabannin manyan kamfanonin da ke gina ta suka sa hannu. Ba mu raina wannan damuwa ba. Geoffrey Hinton, wanda ya bar Google a wannan watan don ya sami sakewar yin gargaɗi, kuma ya sami kyautar Nobel a 2024, ba mai tallar kaya ba ne.

Abin da muke suka shi ne yadda aka ba da labarin. Ita wasiƙar da mutane take magana: ta kira ɗakunan bincike su tsaya, ta ce idan sun ƙi gwamnatoci su tsai da su. Amma da ta shiga kanun labarai sai ta koma tatsuniyar dodo da mutanen gari, ga ɗan Adam a gefe ɗaya ga na'ura a ɗaya gefen, hoton da ake liƙawa kuwa kusan kullum na mutum-mutumi ne mai jajayen idanu, abin da ba shi da alaƙa da manhajar da ke zaune a rumbunan kwamfuta. A irin wannan zubi babu wurin tambayar wa ke tsere da wa, kuma don me. Ba a dakata ba ko na kwana ɗaya, kuma a watan Yuli na wannan shekarar Musk ya sanar da nasa kamfanin, xAI. Emily Bender da Timnit Gebru da abokan aikinsu, waɗanda tun 2021 suka kamanta irin waɗannan manhajoji da aku, sun mai da martani a ƙarshen Maris cewa wasiƙar ta kau da ido daga cutar da ake yi yanzu, irin ta ma'aikata da ta masu rubutu da ta taruwar iko a hannun 'yan tsiraru. Martaninsu bai sami rabin amon da wasiƙar ta samu ba, kuma a ganinmu dalilin na adabi ne: labarinsu ba shi da dodo, sai 'yan kwangila da takardun albashi. (Kamancen aku ɗin ma, a lura, dabbantarwa ce. Da alama ba mai iya magana a kan wannan abu ba tare da ya aro masa rai daga wani wuri ba.)

5.0 Abin da ya shafi Hausa

Galibin waɗannan labarai fassaro su ake yi daga Turanci, kuma a wajen fassarar Hausa takan ƙara wa mutuntarwar ƙarfi ba da niyyar mai fassara ba. Turanci na da wakilin suna na musamman domin abin da ba mutum ba. Hausa ba ta da shi, dole kowane suna ya zama namiji ko mace. Saboda haka da zarar an ce "ta ce" ko "ya amsa", kunnen mai sauraro ba shi da abin da zai rarrabe manhaja da 'yar jarida. Mu kanmu a wannan takarda mun yi ta cewa "ta kawo masa", "ta gaya masa", domin ba mu da wata hanya.

Amma inda Hausa ta rage mu ta wani gefen ta biya mu. Muna da "an" da "aka" da "ana", waɗanda ke ɓoye sunan mai aiki amma ba sa ɓoye cewa mutum ne. Ba a cewa "an ci ciyawa" idan akuya ce ta ci. Don haka mai fassarar da ya ce "an horar da manhajar" maimakon "manhajar ta koya", ko "za a rage ma'aikata" maimakon "za ta kori ma'aikata", ya bar wa mai sauraro ƙofar tambayar wa ya yi, ko da shi bai faɗa ba, kuma bai ƙara tsawon jimlarsa ba.

Sai maganar suna. Mun riga mun yi wa kwamfuta laƙabi da "na'ura mai ƙwaƙwalwa" tun da daɗewa, ga shi yanzu mun ƙara mata basira. Asalin sunan na Turanci John McCarthy ne ya sa shi a takardar neman tallafi ta 1955, domin taron da aka yi a kwalejin Dartmouth a 1956, kuma ko a lokacin ba kowa ya so shi ba, don Allen Newell da Herbert Simon sun fi son a kira fannin da sunan da ke nufin sarrafa bayanai masu sarƙaƙiya. Kalmar da muka zaɓa ta ma fi ta Turancin nauyi. Basira daga Larabci take, daga tushen gani, kuma a bakin Bahaushe ganin zuci ce, baiwa ce da ake cewa Allah ya ba wane, wadda ke sa mutum ya hango abin da ke bayan magana. Larabawa kansu ba da wannan kalma suka fassara sunan ba, sun ɗauki wadda ta fi kusa da kaifin ƙwaƙwalwa. Masu cewa "basirar wucin gadi" kuma sun ƙara wata matsalar, domin abin da Bahaushe ya fi sani da wucin gadi shi ne abin da ba zai daɗe ba, kamar gwamnatin wucin gadi. Da za a nemi ra'ayinmu da "kwaikwayon basira" muka zaɓa, don ya faɗi abin da ake yi ba tare da ya yanke hukuncin cewa basirar ta samu ba. Mun san kalmar da ta riga ta kama baki da wuya a tumɓuke ta, shi ya sa mu ma muka yi amfani da ita a kan wannan takarda, muka fi mai da ƙarfi ga ginin jimla, inda mai fassara da malamin aji suke da sauran iko.

Wannan ƙira ta riga ta iso azuzuwanmu. A zangon karatun da ya wuce wani ɗalibinmu ya kawo aikin gida a kan rubutacciyar waƙa, ya jingina wani baiti ga mawaƙin da bai taɓa yin sa ba, har da shekara da sunan maɗaba'a. Da muka kira shi ofis bai yi gardama ba, bai kuma ga abin kunya ba. Cewa ya yi, "Malam, ai ba ni na yi kuskuren ba, ita ce ta ba ni." Muka tambaye shi ko ya je laburare ya duba, ya ce bai ga dalili ba tun da ta riga ta faɗa. Muka buɗe rajistar aji tare da shi, muka duba daga sama har ƙasa, sunansa muka samu, nata babu, don haka a gaban sunansa muka rubuta makin.